Muryar Baba a Bakin Fafaroma

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau wani abin dariya ya faru a wurin sa'ayi. Taha, wanda yake haɗa ni da aikin jagora, ya ba ni ayarin masu Umra daga Kaduna, yawancinsu tsofaffi. Ina gaba ina jan addu'a suna maimaitawa, kamar kullum. Da muka wuce koriyar fitila na yi gyaran murya, sai wata hajiya da ake turawa a keke ta kama gefen rigata. Ta ce, "Malam, don Allah sake yin tarin nan." Na ce, "Hajiya, ibada fa muke yi." Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Wallahi shi ne. Fafaroma ne."

Fafaroma! Tsakanin Safa da Marwa! Na ce tsufa ne ya haɗu da gajiyar jirgi. 'Yar ta yi ta ba ni haƙuri, amma ita ma ba ta ɗauke ido daga kaina ba har muka gama.

Da muka dawo unguwarmu Tandabawi na ba Taha labari a bakalarsa, ɗan kantinsa na kayan masarufi. Shi haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo da ƙafa daga Sakkwato, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Mabruk ya Ustaz, an yi maka ƙarin girma!" Ni ma na yi dariya.

Talata, 7 ga Janairu

Ba abin dariya ba ne.

Alhamis, 9 ga Janairu

Sai yau hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Ranar Talata ƙanwata Minnatullah ta turo mini wani guntun bidiyo daga gida Gumel, ta rubuta a ƙasa, "Yaya, mene ne wannan?" Wani tsohon Bature ne cikin fararen kaya, da 'yar farar hula, da gicciye a ƙirji, yana tsaye a wata taga jama'a sun cika fili a ƙasa. Ya buɗe baki, sai Hausa. Sai muryar Baba.

Muryar Baba ta da, kafin a yi masa aikin maƙogwaro. Da gyaran muryar nan tasa sau biyu, da yadda yake tsayawa kafin kalmar ƙarshe kamar mai auna ta a sikeli. Duk wanda ya taɓa salla a masallacin unguwarmu zai gane ta ko daga barci aka tashe shi.

Kuma ni na yi ta. Ni Uzair, ɗalibin ƙira'a a garin Makka, ɗan Malam Dawuda limami. A ɗakin nan, a kan katifar nan.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko don in daina juya shi a kaina. Bayan Hajjin da ya wuce, da aka watse daga Mina gari ya yi tsit, babu aiki, Lurwanu ya kira ni daga Kano. Lurwanun da gidansu ke jikin namu, wanda muka yi karatu tare a zauren Baba tun muna yawo ba wando. Yanzu yana da sutudiyon ɗora wa finafinai muryar Hausa. Ya ce ya samu aikin wani shiri mai dogon zango, labarin wani tsohon alƙali na ƙasar Andalus, mai adalci, mai tsoron Allah. Ya gwada mutane da yawa, duk muryarsu ta 'yan kasuwa ce. Ya ce, "Ka tuna yadda kake kwaikwayon Malam a bayan zaure har mu faɗi ƙasa don dariya? Ita nake so."

Bai turo mini hoto ko ɗaya ba. Sai rubutu, gutsure-gutsure, babu sunaye. "'Ya'yana, ku ji tausayin juna." "Wannan kujera ba tawa ba ce, aro aka ba ni." Irin waɗannan. Na tambayi hoton, ya ce masu shirin sun hana a fitar. Nakan lulluɓa da bargon da na samo a Mina don kada ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta shiga, in ɗauka da waya, in tura. Zumunci ne, ban nemi komai ba.

Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba: na ji daɗin yi. Tun da aka yi wa Baba aiki ba ya iya magana sai raɗa. A ƙarƙashin bargon nan nakan ji shi ya dawo. Wata rana har na yi kuka.

Juma'a, 10 ga Janairu

Na kira Lurwanu, waya tana ta ƙara bai ɗauka ba. Na kira Baba, Minnatullah ta ɗauka ta ce yana hutawa. Baba ba ya hutawa da hantsin Juma'a.

Lahadi, 12 ga Janairu

Lurwanu ya ɗauka. Wai yana cikin aiki ne. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ustazu, ka ga yadda abin ya karɓu?"

Ban san ina da irin wannan bakin ba sai yau. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Fim ne fa kawai." Na ce ina alƙalin Andalus? Ya ce, "Da na faɗa maka gaskiya za ka yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To ka gani."

To ka gani! Wato ya san zan ƙi, shi ya sa ya zagaya ta baya. Kamar ɓarawo ya ce maka da ya nemi izini ai ba za ka ba shi ba.

Wai wata tashar tauraron ɗan'adam ce ta sayi shirin don masu kallonta Kiristoci masu jin Hausa, aka fara sa shi lokacin Kirsimeti. Tarihin wani Fafaroma ne na zamanin doki da takobi, tun yana yaro makiyayi har mutuwarsa. Wai a Jos da Kafanchan mutane kuka suke yi in tsohon ya yi magana.

Ni ba ni da faɗa da mutanen nan. Addininsu nasu, shugabansu nasu. Suna da masu murya a cikinsu da za su yi aikin da zuciya ɗaya, da saninsu. Su ma ai an cuce su, an ba su muryar wanda bai san abin da yake faɗa ba. Faɗana da wanda ya ci tuwo a akushi ɗaya da ni ne.

Laraba, 15 ga Janairu

Ashe da sauran rina a kaba.

An turo wani guntun a guruf ɗin 'yan unguwarmu. Tsohon yana cikin coci, ya ɗaga hannu yana addu'arsu, irin kalmomin da su kaɗai ke faɗa, na aƙidarsu. Da muryata. Da muryar Baba.

Wallahi ban faɗa ba. Tallahi ban taɓa ganin wannan rubutun ba. Na koma cikin waya na bi duk abin da na tura masa ɗaya bayan ɗaya, babu.

Na sake kiran Lurwanu. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce akwai wata manhaja da ake ba ta muryar mutum ta koya, sai ka rubuta mata duk abin da kake so ta faɗa. Wuraren da ya san zan gane, ita ya ba. "Don in kare ka ne," in ji shi. "Kai ba ka faɗa ba, ba ka da zunubi."

Ya kare ni. Ya tatsi muryar ubana daga bakina ya zuba wa na'ura, yanzu tana hannunsa, in ya ga dama gobe ya sa ta tallan maganin basir. Wa zan rantse wa ya yarda? Ni kaina da na saurara sai da na yi shakkar kaina.

Na toshe lambarsa.

Asabar, 18 ga Janairu

Wani a guruf ya ɗauko hoton rubutun ƙarshen shirin, inda ake jera sunaye. "Murya: Malam Uzair Dawuda, daga Makka."

Daga Makka. Har da wannan ya sayar.

Laraba, 22 ga Janairu

Taha ya daina dariya. Ya ce wani mai kamfanin Umra daga Kano ya ce a canza masa jagora, alhazansa suna ta ƙus-ƙus. "Ma'alesh, yi haƙuri ya Ustaz, kwana biyu ne, halas, shi ke nan mutane za su manta." Ya mayar da ni ayarin 'yan Nijar, su ba su san zancen ba tukuna. Ya haɗa mini da ful, dafaffen waken nan nasu, da gurasar tamis ya ce in ci, na rame.

Aikin bai dame ni ba. Gida ne.

Tun da muryar Baba ta tafi, ni nake komawa duk azumi in ja tarawihi a masallacinsa. Yana zama a sahun farko daidai bayana, in na yi kuskure ya ɗan bugi tabarma da yatsa. Shi ne abin da nake jira duk shekara. Ba digirin nan ba, ba komai ba. Wannan wata ɗayan da nake tsayawa inda ya tsaya yana jina.

Minnatullah ta ce dattawan masallaci sun zauna. Wasu sun ce ba za su bi salla bayan muryar da ta yi addu'ar coci ba. An ce magana tana wurin Baba, abin da ya yanke shi ke nan. Shi kuma bai yanke ba tukuna. Ba ya karɓar wayata, ba ya aiko da saƙo.

Azumi saura wata ɗaya da 'yan kwanaki.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yara sun bi Baba a hanyar masallaci suna cewa "Fafaroma, sa mana albarka." Mukhtaru ladan ne ya kore su da sanda. Minnatullah tana faɗa mini tana kuka.

Mutumin da ya koya wa iyayensu alif da ba. Ba shi ma da muryar da zai tsawata musu.

Bayan Juma'a na zauna a Harami ina kallon Ka'aba, na ɗaga hannu zan kai ƙarar Lurwanu. Na shirya kalmomin tun daga gida, masu zafi. Da na buɗe baki sai na tuna nan wurin karɓar addu'a ne, kuma uwarsa tana da rai, ita ta yi jinyar Innarmu har ta rasu. Na sauke hannu. Ba don shi ba.

Laraba, 29 ga Janairu

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya aike ni kwaikwayon ubana? Wa ya ce in karanta abin da ban ga farkonsa da ƙarshensa ba? Ni da ake koya wa kada ka karɓi ruwaya sai ka san daga bakin wa ta fito.

Amma ai shi ya sa. Na san daga bakin wa ta fito. Daga bakin Lurwanu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Lurwanu ya biyo ta lambar matarsa ya turo saƙon murya mai tsawo. Na ce ba zan saurara ba. Na saurara.

Rabinsa kare kai ne. Wai sutudiyon ya kusa rufewa, wai bai zaci shirin zai wuce masu kallon tashar ya iso Gumel ba. Sai can ƙarshe ya ce, "Uzair, ni ma fa malamina ne. Ranar da ka turo na farko, rufe ƙofa na yi na zauna ina ta maimaitawa. Na yi kewar muryar nan."

Munafuki. Ya san inda zai taɓa.

Abin haushin, na san a nan ba ƙarya yake yi ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Sabon labari daga gida, kuma ban san yadda zan ɗauke shi ba. Minnatullah ta ce Baba ya sa ta nemo masa shirin gaba ɗaya. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a kan buzunsa, ta ajiye masa waya a gefe. Ba ya kallon hoton, kife wayar yake yi, ya rufe ido. Wani lokaci ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya daɗe a haka, sannan ya sauke. Can kuma ya sake ɗagawa. Wani wurin ya sa ta mayar baya.

Na ce me yake cewa? Ta ce, "Ba ya cewa komai, Yaya. Yatsan ne kawai."

Na san yatsan nan. Da shi yake kama mana kuskure a zaure. Laifuffukana yake ƙirgawa.

Talata, 11 ga Fabrairu

To, tunda Baba yana ji, ni ma bari in san abin da aka rataya mini. Na fara kallo. Na ce wa kaina bincike ne.

Yaron makiyayi ne a wani ƙauyen duwatsu, shi da abokinsa. Wani limaminsu ya ga yana da kai ya ɗauke shi karatu, abokin ya bi shi. Kashin farko ba muryata ba ce, ta wani yaro ce. Sai da ya tsufa aka zaɓe shi sannan na shigo. Yadda suke zaɓen ma abin kallo ne: a kulle manyansu a ɗaki, ba mai fita sai sun daidaita. Da dattawan masallacinmu za a yi wa haka, da an huta.

Ban san ko haka tarihin yake ba ko ƙarin gishirin masu fim ne. Amma tsohon ba ya son kujerar. Takalman da suka ba shi suna matse shi, yana cire su a ƙarƙashin tebur. Baba ma haka yake yi da takalmin da na kai masa daga nan.

Jumlolin da na karanta a ƙarƙashin bargo ba kai ba gindi, yanzu ga su kowace da wanda ake faɗa wa. "Wannan kujera aro ce." Ashe wani sarki yake faɗa wa, sarkin da ya zo da sojoji.

Kashi uku na kalla a zama ɗaya. Bincike ne.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kashi na tara.

Abokin nan nasa na ƙuruciya, wanda ya zama magatakardansa, shi ya buɗe wa sojojin sarki ƙofar baya. Aka kama tsohon aka wulaƙanta shi. Da al'amari ya juya aka sake shi, sai aka jefa abokin a kurkuku. Tsohon ya sauka har can da sandarsa. Abokin ya faɗi ƙasa ya kama ƙafarsa. Tsohon ya ce, "Tashi. Tare muka yi kiwo, na san ba kullum kake haka ba. Tashi, na yafe."

Na tuna ranar da na karanta wannan. Ina sauri ne zan fita salla, na yi ta sau ɗaya na tura.

Lurwanu ya zauna ya rubuta wannan jumlar da hannunsa ya turo mini, yana cikin buɗe tasa ƙofar bayan. Ko kunya bai ji ba? Ko kuwa ajiya ya yi, ya sa na faɗa tun kafin ya buƙata?

A fim abin da sauƙi. An sa kiɗa, an haska fitila, an wuce kashi na goma. Shi tsohon ba a bi ubansa da waƙa a titi ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ban sayi tikiti ba. Taha ya ce in Gumel ba sa so, akwai wani ƙaramin masallaci a bayan bakalarsa da ke neman mai tarawihi. "Hina, nan ma gida ne, ya shaikh." Na yi masa godiya. Allah ya saka masa, amma ba zai gane ba. Shi kabarin kakansa ma a nan yake.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Minnatullah ta ce Lurwanu ya zo Gumel tun ranar Litinin. Ya je gaban dattawa ya faɗi duk abin da ya yi, har da na'urar. Wasu sun yarda, wasu sun ce abokin ɓarawo ai ɓarawo ne, rufa wa juna asiri suke yi. Ta ce kullum yana zuwa ya zauna a dakalin ƙofar zaure. Baba bai ce ya shigo ba, bai ce ya tafi ba. Yana wuce shi ya tafi masallaci ya dawo ya wuce shi.

Ya zauna ɗin. Dakalin ma ya san shi.

Baba ya gama shirin jiya, in ji ta. Ya miƙa mata wayar ya ce a kira masa Mukhtaru ladan.

Ban iya cin abinci ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Saƙon murya daga wayar Minnatullah, da hantsi, ina tsakiyar ɗawafi da 'yan Damagaram. Ta rubuta, "Baba ne." Na ƙarasa da su ban san me nake ja musu ba, Allah ya karɓa.

A harabar Harami na kara a kunne, ba na jin komai sai iska. Raɗa ce, ga hayaniyar jama'a. Na hau mota na dawo ɗaki, na kashe na'urar sanyi, duk da haka ƙarar titi ta fi ƙarfinta. Sai da na jawo bargon nan na lulluɓa.

Zan rubuta yadda ya faɗa, don kada in rasa ko kalma.

"Uzairu. Na ji duka. Ni na koya maka inda ake tsayawa a ja numfashi. Inda aka tsaya a wurin tsayawa, kai ne. Inda aka yanke numfashi a tsakiyar magana, ba ɗana ba ne, ko a mafarki ba za ka yi haka ba. Abin cocin nan duk ba kai ba ne. Na faɗa wa Mukhtaru, ya faɗa wa jama'a bayan Asuba. Wanda ya yarda ya bi ka, wanda bai yarda ba masallatai da yawa."

Ina jin numfashinsa yana wahala. Na ɗauka ya gama.

"Ashe haka nake. Na manta."

Sai ya ƙara da wannan.

"Gyara ɗaya. Wurin da tsohon nan ya yafe wa abokinsa, kai ne, na ji ka. Amma ka yi gaggawa. Ba a faɗar wannan da gudu, wanda ake faɗa wa ba zai yarda ba. Ka taho ka maimaita. Mai saurare yana nan a ƙofa."

Ashe yatsan nan ba laifina yake ƙirgawa ba. Tsince ni yake yi daga cikin na'ura, jumla bayan jumla, kamar yadda marigayiya Inna take tsince tsakuwa daga shinkafa.

Na daɗe a cikin bargon. Da na fito rigata ta jiƙe, ba duka ne gumi ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Jirgi gobe daga Jidda. Taha zai kai ni, ya ce in gaishe masa da "Baba Fafaroma", sai kuma ya kama bakinsa. Na yi dariya. Ban san zan iya ba.

Na haɗa kaya. Dabino, zamzam, takalmin Baba mai faɗi wannan karon, mayafin Minnatullah. Turaren nan mai ƙamshin itace da nake saye a bayan Harami, kwalba biyu na ɗauko. Ɗaya ta Baba. Ɗayar ban san ta wa ba, hannuna ne ya ɗauka. Ba shi kaɗai ne mai son irinsa a Gumel ba.

Har yanzu lambar Lurwanu a toshe take. Zan sa ya goge abin da ya koya wa na'urar nan a gabana, ina tsaye. Zan sa ya cire sunana. Ban ce na huce ba, kuma ba fim muke yi ba.

Ɗazu ina ninke bargon na ji bakina yana gwadawa. Da muryata, ba ta Baba ba. A hankali, kamar yadda ya ce. "Tashi. Tare muka yi karatu."

Ina kaiwa kalmar ƙarshe sai in tsaya. Na gwada na sake gwadawa, ta ƙi fita.

Baba ma ai a nan yake tsayawa. Amma shi yana ƙarasawa.